Takardar Shaida Ko Shaidar Zur?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mu malaman sakandare da muka yi kwas ɗin dogon hutu muka samo difloma a fannin ilimi, kuma duk lokacin da muka haɗu, ko a wurin makin jarrabawa ko a wurin ɗaurin aure, sai an tayar da ita a kuma watse ba a kashe ta ba. Tambayar kuwa ita ce: idan malamin da aka ɗora wa alhakin koya wa mutane yadda za su saurari kowa ba tare da bambanci ba, shi da kansa yana nuna bambanci a cikin ajinsa, laifin nasa ne shi kaɗai, ko kuwa har da makarantar da ta ba shi alli da allo, ta kuma sa hannu a kan takardun ɗalibansa? Za mu fara da abin da idonmu ya gani, domin kada mai karatu ya ɗauka muna faɗa da inuwa ne.

Shekaru goma sha wani abu da suka wuce, mu arba'in da 'yan kai ne a aji, yawancinmu malaman ƙauye daga Goronyo da Wurno da Rabah da Gwadabawa, da kaɗan daga cikin birni. A cikin darussan da aka wajabta mana akwai na jagoranci da ba da shawara, kuma wani shehun malami, farfesa, shi ne ke ɗaukar mu. Ba za mu ambaci sunansa ko na makarantar ba. Gaskiya kuma sai mu faɗa, mutumin ya san karatu. Idan ya shiga bayanin Carl Rogers, masanin nan na Amurka da ya gina koyarwarsa a kan cewa mai ba da shawara ya karɓi wanda ya zo wurinsa yadda yake, ba sharaɗi, ba hukunci, sai ka ji kamar kada a buga ƙararrawa. A ranar farko ya ce kowa ya miƙe ya faɗi sunansa da garinsu da sana'ar mahaifinsa. Mun ɗauka sabo yake nema da mu. Ashe kasa mu yake yi kashi-kashi kamar albasa a bakin kasuwa.

Daga wannan rana 'ya'yan ma'aikata da na sarauta suna da sunaye a bakinsa, mu kuwa sauran "mutanen fadama" ne. Wata baiwar Allah da ke zuwa da goyo ya gaya mata a gaban kowa cewa da ta zauna gida da ta fi amfanar al'umma. Wani mai lalurar ƙafa ya tambaye shi wane yaro ne zai kawo matsalarsa wurin wanda shi ma taimako yake nema. Amma wanda ya fi shan wuya shi ne wani abokinmu, malamin lissafi, mutum mai natsuwa da kaifin basira, wanda a ranar farko ya faɗi gaskiya cewa mahaifinsa mahauci ne. Duk lokacin da ya ɗaga hannu sai farfesa ya ce, "Sarkin Fawa, nawa ne kilo yau?" Sai aji ya ɗauki dariya. Mu ma muna cikin masu dariyar, kuma wannan za mu dawo kansa.

Darasin yana da ɓangare biyu, na rubutu da na aikin gwaji, inda ɗalibi zai zauna da yaro a wata makaranta, malami ya zo ya duba yadda yake sauraro da yadda yake tambaya, ya ba shi maki. Wannan maki na biyu babu mai ba da shi sai farfesa, babu kuma mai duba shi bayansa. Abokinmu ya ci na rubutu, ya faɗi na gwaji. Ya dawo hutun da ya biyo, ya sake biyan kuɗi, ya sake faɗi. A karo na uku bai dawo ba. Mu muka karɓi takardunmu muka yi hoto da riguna, muka koma garuruwanmu.

Kafin mu ci gaba, ya kamata wanda ba malami ba ya san mene ne wannan aiki na ba da shawara. A ƙasar nan ana danganta farkonsa da shekarar 1959, lokacin da wasu mata masu hidimar cocin Katolika a kwalejin 'yan mata ta Saint Theresa da ke Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni dabam-dabam don su yi wa ɗalibai masu fita bayanin ayyukan da ke jiran su. A 1976 masu wannan sana'a suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, sannan Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi cewa a sa masu ba da shawara a makarantun gaba da firamare. Da tsarin 6-3-3-4 ya zo, aikin ya ƙara nauyi, domin a ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare ne ake raba yara: wannan kimiyya, wancan fasahar harshe, wancan kasuwanci, wancan koyon sana'a. A makarantun karkara irin namu, inda da wuya a sami wanda ya yi digiri a fannin, shugaban makaranta yakan duba cikin malamansa ne kawai ya ce, "Wane, kai da ka taɓa yin darasin, ga ofis nan." Wato mu ɗin nan da aka koyar a wancan aji, mu ne muke tsaye a mararrabar da yaro ɗan shekara goma sha huɗu zai ɗauki hanyar da zai bi har tsufansa.

A nan ne bambancin yake tsakanin wannan darasi da saura. Malamin lissafi mai son kai azzalumi ne, babu shakka, amma biyu da biyu huɗu ne ko wa ya koyar, kuma ɗalibin da ya tsira daga hannunsa zai tafi da lissafi mai kyau. Ba da shawara kuwa hali ne ake koyarwa, hali kuma da ido ake ɗaukarsa kafin kunne. Abin da muka rubuta a littattafanmu shi ne a karɓi kowa yadda yake. Abin da muka gani sau biyu a kowane mako shi ne cewa mai ilimi yana da izinin auna mutum da sana'ar ubansa, kuma babu abin da zai same shi. Wanne daga cikin darussan nan biyu mai karatu yake jin ya fi zama a zuciya? Bugu da ƙari, aikin mai ba da shawara a ɗaki ake yin sa, ƙofa a rufe, daga shi sai yaro, kuma sirri ne bisa ƙa'idar aikin. Babu sufeto da zai zauna a bayan aji ya ji abin da aka faɗa. Idan har akwai wurin da za a iya tace irin mutumin da zai shiga wannan ɗaki, to wurin horarwa ne. Idan matatar ce da kanta ta gurɓace, ina za a je?

Kada a raina maganar da ake faɗa a irin wannan ɗaki. Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙar fata na Amurka, ya ba da labari a tarihin rayuwarsa da aka buga a 1965 cewa yana cikin na gaba-gaba a ajinsu lokacin da ya gaya wa wani malaminsa farar fata cewa yana son zama lauya. Malamin, wanda a ganinsa ma kyautatawa yake yi, ya ce masa wannan ba burin da ya dace da baƙin mutum ba ne, ya gwada aikin kafinta. Daga nan zuciyar yaron ta fita daga karatu. A 1968 kuma wasu masu bincike biyu, Robert Rosenthal da Lenore Jacobson, suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a wata firamare a Kalifoniya. Sun zaɓi wasu yara haka nan kawai, ba bisa wani dalili ba, suka gaya wa malamai cewa waɗannan ana sa ran za su yi fice bana. A ƙarshen shekara yaran, musamman na ƙananan azuzuwa, suka nuna ci gaba fiye da 'yan'uwansu. Masana sun yi ta gardama a kan girman wannan tasiri, wasu na ganin an zuzuta shi, amma duk wanda ya riƙe alli shekara ashirin ba ya bukatar Bature ya gaya masa cewa yaro yana karanta fuskar malaminsa kafin ya karanta allo.

Mu kuwa a wannan yanki lamarin ya wuce zaɓen kimiyya ko fasaha. Tun da matsalar 'yan bindiga ta mamaye gabashin Sakkwato, har ta kai ga harin kasuwar Goronyo na watan Oktoban 2021 inda aka kashe mutane da dama, azuzuwanmu sun cika da yaran da iyayensu suka baro ƙauyukansu ba shiri. Akwai wanda ya ga abin da babba ma ba ya iya faɗa, akwai wanda ba ya barci, akwai wanda ƙarar babur ke sa shi shiga ƙarƙashin benci. A benci ɗaya da su kuma akwai ɗan Bafulatani wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, wanda su ma an kore musu shanu, amma yana jin yadda 'yan aji ke rage murya idan ya shigo. Dukansu biyu ofis ɗaya za a tura su. Idan wanda ke zaune a ofishin an horar da shi a kan cewa asalin mutum shi ne mutum, to ɗaya daga cikin yaran nan zai fito ya fi yadda ya shiga rauni, kuma babu wanda zai taɓa sani.

To, me ya hana abokinmu kai ƙara? Ya gwada, ai. Matakin farko shi ne shugaban sashe, wanda shi ma farfesan ne ya duba masa kundin digirinsa na uku. Ya saurare shi da kyau, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, halin baba ne, kowa ya san shi." Mataki na biyu shugaban tsangaya, wanda ya ce a rubuto ta hannun shugaban sashe. Mataki na uku majalisar malaman jami'a, inda wanda ake ƙara yake da kujera, mai ƙara kuwa ko ƙofar zauren bai sani ba. Kowane tsani ya taka sai ya tarar an jingine shi a bangon wanda yake ƙara. Wannan ba sabon ciwo ba ne a jami'o'inmu, har Kotun Ƙoli ta taɓa magana a kai. Bayan tarzomar ɗalibai da aka yi a Jami'ar Maiduguri a watan Fabrairun 1983, an kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mataimakin shugaban jami'ar, wanda shi kansa yana cikin waɗanda tarzomar ta yi wa ɓarna, aka kori wasu ɗalibai. A 1986, a shari'ar Garba da abokansa, kotun ta soke korar, kuma cikin dalilanta akwai cewa ba a yi musu adalcin sauraro ba, tunda mutum ba ya zama alƙali a shari'ar da yake da hannu ciki. A can ɗalibi ne ake tuhuma, a nan shi ne mai ƙara, amma ƙa'idar ɗaya ce, ba a ba kura ajiyar nama.

Sai dai akwai shingen da ya fi duk waɗannan ofisoshi tsawo, kuma a cikin zukatanmu yake. Mu an raine mu a kan cewa malami uba ne, albarkar karatu tana tafin hannunsa, wanda ya ɗaga ido ya dube shi da gardama iliminsa ba zai amfane shi ba. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba ma fatan ranar da za a rasa ta, domin mu ma da ita muke cin abinci. Da abokinmu ya gaya wa wani dattijo a garinsu cewa zai rubuta takardar koke, dattijon salati ya yi, ya ce, "Ɗana, malaminka za ka kai ƙara? Bar shi da Allah." To amma a duba tarihin ƙasar nan da muke zaune a cikinta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo malamai ya fara tuhuma kafin sarakuna. A littafinsa Nurul Albab ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da ɗalibai a waje dare da rana. Wato laifin da ya kama su da shi shi ne zaɓen wanda ya cancanci ilimi da wanda bai cancanta ba. 'Yarsa Nana Asma'u kuma, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a nan Wurno a 1837, ta tsara jajis da 'yan taru suna kai karatu ga matan ƙauyuka ba tare da an tambayi wadda ta zo ko 'yar wa ce ba. Saboda haka girmama malami da muka gada bai taɓa nufin cewa malami ya fi ƙarfin tambaya ba. Ilimin da ke ƙirjinsa ake girmamawa, da amanar da ya ɗauka. Idan ya ci amanar, wanda ya yi magana shi ne ya kare martabar malanta, wanda ya yi shiru kuma kansa ya kare.

Wani zai ce ai jami'o'i suna hukunta malamai, kuma gaskiya ne. A 2018 Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ta kori Farfesa Richard Akindele bayan an yaɗa muryarsa yana neman wata ɗaliba da lalata don ya ba ta maki, hukumar ICPC ta gurfanar da shi, kuma a watan Disamba na shekarar kotun tarayya da ke Osogbo ta ɗaure shi shekara biyu. A watan Oktoban 2019 sashen binciken BBC ya fitar da hotunan da aka ɗauka a ɓoye a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana, aka dakatar da malamai, kuma a cikin wannan wata Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta sallami ma'aikata 15 bisa laifuffukan da suka haɗa da neman ɗalibai mata. A watan Agustan 2023 sai da ɗalibai mata na tsangayar shari'a a Jami'ar Kalaba suka fito da kwalaye kafin a dakatar da shugaban tsangayarsu. Madalla da duk wannan. Amma mai karatu ya lura da abin da ya haɗa yawancinsu: sai da murya ta fita, ko hoto, ko zanga-zanga, sai da duniya ta ji, sannan aka motsa. Ba kunnen jami'a ne ya ji kukan ba, kunyar idon jama'a ce ta tashe ta.

Wariya kuwa ba ta barin irin wannan sawu. Mai neman lalata dole ya furta bukatarsa, ana iya naɗar muryarsa. Mai wariya ba ya neman komai a wurinka, so yake kawai ka san matsayinka. Makaminsa raha ce da za a ce wasa ne, da kundin da zai kwana wata shida a kan tebur ba a buɗe ba, da maki 38 inda ake bukatar 40. Ko da an naɗi "nawa ne kilo yau", kwamiti zai yi murmushi ya ce ai barkwanci ne irin na Hausawa. Barkwanci kuwa mun san shi, tsakanin tsara yake ko tsakanin taubasai, inda wanda aka tsokana yake da bakin ramawa. Wanda makinka ke aljihunsa ba abokin wasanka ba ne.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda al'ummarsa ko ƙabilarsa ko garinsu ko jinsinsa ko addininsa ko ra'ayinsa na siyasa, ya kuma ƙara da cewa ba za a tauye kowa saboda yanayin haihuwarsa ba, wanda nan ne ɗan mahauci da ɗan maƙeri da wanda ake yi wa gorin bauta suka shigo. A watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, a 2022 kuma aka yi dokar kafa majalisar da za ta kula da masu sana'ar ba da shawara. Akwai ma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tun 1975. Amma malamin ƙauye da ya ciyo bashin kuɗin makaranta, wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, da me zai ɗauki lauya ya ja da jami'a shekara biyar? Ga irinsa, adalcin da bai samu a cikin harabar makaranta ba, bai same shi ba ke nan.

Wannan ya kawo mu ga abin da muke ganin shi ne gundarin maganar. Bahaushe da ya ga takardar kammala karatu bai kira ta da wani suna ba sai takardar shaida, kuma sunan ya dace. Ba farfesa ke ba da ita ba. Sunan jami'a ne a samanta, hatiminta ne a ƙasa, shugabanta da magatakardanta ne ke sa hannu. Abin da take cewa ga shugaban makarantar da zai ɗauke mu, da uban da zai turo ɗansa, shi ne: mun gwada wannan mutum da ma'auni na gaskiya, mun same shi ya cancanta. Hana ta ma shaida ce, cewa an gwada wane an same shi bai isa ba. To idan hukumar makaranta ta san ma'aunin yana da tawaya, tunda shugaban sashe da bakinsa ya ce kowa ya san halin baba, kuma duk da haka ta buga hatimi a kan sakamakon, me ta yi ke nan? Ta shaidi abokinmu da gazawar da ba tasa ba, ta kuma shaide mu da ƙwarewa a kan aikin da aka koya mana kishiyarsa. Addininmu ya sa shaidar zur cikin manyan zunubai, kuma ba mu taɓa jin an ce laifinta yana raguwa don mutum goma sha biyu ne suka zauna a zaure suka amince da ita ba. Farfesa shi ya yi zalunci, amma zaluncinsa da ya tsaya a baƙar magana cikin aji. Hatimin jami'a ne ya mayar da shi hukunci da ke bin mutum har ranar fansho.

Ba mu manta da ɗaya gefen ba, domin mu ma malamai ne, mun san zafin ƙazafi. Akwai ragon ɗalibi da ba ya zuwa aji, idan ya faɗi ya ce don shi ɗan gari kaza ne. Akwai kuma dalili mai ƙarfi da ya sa ake barin malamin jami'a da ajinsa da makinsa, domin ranar da kwamishina ko mai kuɗi zai iya buga waya a canza maki, ranar ilimi ya mutu. Farfesan namu ma yana da haƙƙin a ji ta bakinsa, watakila ma a ransa yana ganin taurare mu yake yi. Amma duk waɗannan hujjoji ne na a yi bincike da kyau, babu ko ɗaya a cikinsu da ke cewa kada a yi binciken. 'Yancin malami shi ne ya koyar da abin da ya gano na gaskiya ko da bai yi wa masu mulki daɗi ba. Sanin sana'ar uban ɗalibi ba ya cikin abin da ya gano a ɗakin karatu.

Abin da ake bukata ma ba mai tsada ba ne, shi ya sa rashin yin sa ke da ciwo. Hukumomin jarrabawar sakandare da muke yi wa maki sun daɗe da gane cewa ba a barin hannu ɗaya a kan makomar yaro: akwai shugaban tawaga da ke ɗaukar wasu takardu daga cikin waɗanda ka duba ya sake dubawa, in ya ga ka kauce a dawo maka da su. Me zai hana aikin gwaji na ba da shawara ya zama mutum biyu ne ke dubawa, kowa ya rubuta makinsa ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba? Me zai hana ofishin koke ya kasance a wajen sashe, a hannun wanda ba ɗalibin kowa ba ne a cikinsu, a kuma ɗauke makin mai koke daga hannun wanda yake ƙara har a gama? Sakamakon shekara goma na kowane darasi yana nan a ajiye a ofishin jarrabawa. Akawu ɗaya cikin mako ɗaya zai iya gano ko matan aure, ko 'yan wata jiha, ko masu nakasa, suna cin kowane darasi amma suna faɗuwa a hannun mutum ɗaya. Wariyar da ba ta fitowa a faifai tana fitowa a lissafi, in an so a lissafa. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa idan ta zo tantance kwasa-kwasai tana ƙirga malamai da littattafai da kujeru. Da za ta riƙa neman littafin koke-koke ta ga nawa suka shigo da yadda aka yi da su, da an ga canji kafin shekara ta zagayo. Kuma amsa laifi ba ya kashe hukuma. A watan Oktoban 2021 ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka, wadda ta haura shekara ɗari da kafuwa, ta fito fili ta nemi gafarar baƙar fata da sauran al'ummomi saboda rawar da fanninta ya taka wajen ƙarfafa wariyar launin fata, kuma ba ta rushe ba.

Mun ce za mu dawo kan dariyar nan. Mu arba'in ne. Da goma daga cikinmu sun sa hannu a takardar abokinmu, da shugaban sashe bai sallame shi da "yi haƙuri" ba. Ba mu sa ba, kowa yana tunanin makinsa da bashin da ya ciyo da ƙarin girman da ke jiran sa. Har yau idan maganar ta taso sai wani ya ce ai ba mu da yadda za mu yi, sauran su gyaɗa kai da sauri a canza zance. Abin da ya fi wannan muni kuma shi ne, bara waccan, a ofishinmu na nan Giyawa, wani yaro ɗan aji uku da mahaifinsa ke wanzanci ya zo ya ce yana son ajin kimiyya don ya zama likita. Makinsa ya isa. Kafin mu ankara bakinmu ya riga ya ce, "To ai aska ma aikin likita ce, ɗan Sarkin Aska." Yaron ya yi murmushin da muka sani, irin wanda abokinmu ke yi. Muryar da ta fito daga bakinmu ba tamu ba ce, mun gane mai ita nan take. Mun kira yaron washegari muka ba shi haƙuri, muka sa sunansa a kimiyya, amma wa ya san sau nawa muka faɗi irinta ba mu ji kanmu ba?

Abokin namu yana nan yana koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare a ƙasar Wurno, 'yan ajinmu duk sun wuce shi da mataki biyu ko uku na albashi. A makarantarsu akwai ofishin ba da shawara, da allo a ƙofa, da mai takarda a ciki. Shugaban makarantar ya gaya mana cewa yaran da aka koro daga ƙauyuka ba can suke zuwa ba, gindin dogonyaron da yake alwala suke jiran sa bayan an tashi. Da muka haɗu da shi a kasuwar Achida kafin azumi, muka ce masa yanzu farfesan ya yi ritaya, ya koma ya ƙarasa kwas ɗin mana. Ya ce ya je ya tambaya, an ce masa lokacin rajistarsa ya ƙare tuntuni, sai dai ya sayi sabon fom ya fara daga farko.